Yaran Duza Da Sana'ar Gina Manhajar Kwamfuta

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne na wata sana'a wadda kusan kowane saurayi mai riƙe da babbar waya ke ambatonta a yanzu, wato gina manhajar kwamfuta. Ina so mu bi sawunta, mu ga yadda ta shigo ƙasar nan, da yadda ta yi ta kewaya ƙasar Hausa shekara da shekaru, wasu wuraren kuma har yau ba ta leƙa ba. Wurin da na ɗauka a matsayin ma'auni shi ne Duza, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka, can yammacin Zamfara, shiyyar da ta haɗa da Bukkuyum da Gummi. Dangin mahaifiyata mutanen wannan shiyya ne, saboda haka in kun ji na ɗau zafi a wani wuri sai ku yi mini uzuri.

Da farko, mece ce sana'ar? Ita dai kwamfuta ba ta da wayo ko na ƙwayar zarra, sai biyayya. Abin da aka rubuta mata shi za ta yi, layi bayan layi, babu ragi babu ƙari. Wanda ke zama ya tsara mata waɗannan umarni da wani yare da take ganewa, shi ne maginin manhaja. Manhajar da ke tura kuɗi daga wayarka zuwa ta mai shago, da wadda ke yi wa ɗanka jarrabawar JAMB, duk wani ne ya zauna ya rubuta su. Aikin ya yi kama da namu na marubuta, sai dai mu mai karatunmu yana da yafiya. In na kira jarumata Hafsat a shafi na 10 na koma kiranta Hafsatu a shafi na 60, ba wanda zai ajiye littafin. Ita kuwa kwamfuta, waƙafi ɗaya ya ɓace sai ta ƙi motsi, ka kwana kana neman inda ka yi tuntuɓe.

Tsara lissafi mataki-mataki ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. A shekarar 1732 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, irin wanda ake zana gidaje a cika su da lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla iri ɗaya. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara, a zuba 1 zuwa 9, ko ta ina ka tara sai ka sami 15. Malamin ya bayyana ƙa'idojin da mutum zai bi, ya sa wannan lamba a nan, ya matsa gida kaza ya sa ta gaba, har hatimin ya cika ba tare da lalube ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Irin wannan ƙa'ida ta bi-da-bi ita ce ƙashin bayan kowace manhaja, kuma sunan da Turawa ke kiranta da shi ma daga sunan al-Khawarizmi suka samo shi, masanin lissafin nan na Bagadaza na ƙarni na 9. Ba cewa nake Katsinawa ne suka ƙera kwamfuta ba, na san akwai masu son a faɗi haka. Abin da nake cewa shi ne irin ƙwaƙwalwar da sana'ar ke bukata ba daga waje za a yi odarta ba.

Ita na'urar kuwa daga waje ta zo, kuma ta bakin teku ta shigo. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan, shekara shida kacal bayan fitowar yaren FORTRAN a Amurka. A Arewa, ƙofar da aka sani ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda cibiyar kwamfuta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ɗan Adamawa wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani ɗalibi ba ya ma taɓa na'urar. Zai rubuta umarninsa a takarda, a huda masa kati-kati, ya miƙa ta taga, ya dawo daga baya a ba shi sakamako, wanda sau da yawa ba ya wuce cewa akwai kuskure a layi kaza. Sana'a ce ta 'yan jami'a da ma'aikatan banki da manyan ma'aikatu. Ɗan talakan da bai wuce sakandare ba, irina, ko labarinta ba ya ji. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, amma dai kun san tazarar da ke tsakanin takardar gwamnati da ajin ƙauye.

Mu marubuta littattafan Hausa, a shagunan buga takardu na Kano muka fara gamuwa da kwamfuta, wuraren da ake kira bizines santa. Ka kai rubutunka na hannu a cikin littafin makaranta, yarinya ko saurayi ya buga maka, ana lissafin kuɗi shafi-shafi. A nan ne muka gane cewa na'urar nan ba a yi ta da mu a zuciya ba, domin babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko na Hausa, amma wanda ya tsara allon bugun bai san da zamansu ba. Sai a buga "kasa" mai karatu ya yi ta canki-canka ko ƙasa ake nufi ko kasa, a buga "baki" bai san na ci ba ne ko baƙi. Wasu in an gurza shafi sai su bi da biro suna yi wa baƙaƙen ƙugiya ɗaya bayan ɗaya kafin a kai maɗaba'a.

Wanda ya fara share mana hawaye shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. A shekarun 1990 ya zauna ya sarrafa baƙaƙen kwamfuta, ya fitar da salon rubutu mai ƙugiya, wanda aka fi sani da Rabi'at. Dabarar da ya yi ita ce ɗora baƙaƙenmu a kan maɓallan da ba a cika amfani da su ba. Shi ya sa har gobe in ka buɗe tsohuwar takardar Hausa a kwamfutar da ba ta da wannan salo za ka ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya. Daga baya tsarin Unicode, wanda tun farkon shekarun 1990 ya ware wa baƙaƙenmu gurbi, ya game na'urori, har ga shi yau kana danna k ka riƙe a waya sai ƙ ta fito. Amma a lura da darasin: matsalar ta yi shekaru tana jiran mai ita, kuma sai da aka sami Bahaushen da abin ke ci masa tuwo a ƙwarya sannan aka gyara.

Shekarar 2001 ce ta sauya komai. A watan Janairu aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar NITDA. Layin waya a lokacin ya haura naira dubu 20, sai wane da wane. Kafe-kafen intanet suka buɗe a birane, samari suna sayen awa ɗaya, rabinta ta ƙare ana jiran shafi ya buɗe. A Kano cibiyar CITAD ta Malam Y. Z. Ya'u ta riƙa koyar da matasa, shi kuma Abdullahi Salihu Abubakar, Baban Sadiq, ya shafe shekaru yana bayanin fasahar sadarwa da Hausa a jaridar Aminiya. Da yawanmu a wajensa muka fara jin an fassara mana waɗannan abubuwa da harshenmu.

Sana'ar ta zama hanyar arziki ne a Legas. A 2014 aka kafa kamfanin Andela, wanda a lokacin yake ɗaukar matasa ya koya musu gina manhaja yana biyansu, sannan ya ba da hayarsu ga kamfanonin Amurka suna aiki daga gida Nijeriya. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg mai Facebook da matarsa ta jagoranci zuba wa kamfanin dala miliyan 24, shi da kansa ya zo unguwar Yaba a watan Agusta na shekarar. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye Paystack, wanda samari biyu Shola Akinlade da Ezra Olubi suka gina, a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Waɗannan labarai ne ake ba matasanmu a wuraren taro. Wanda ba a cika ba su ba shi ne na Satumbar 2019, lokacin da Andela ɗin ya sallami ƙananan magina kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, ya ce kasuwa ƙwararru take nema ba 'yan koyo ba. Arewa ma ta motsa, Sanusi Isma'ila ya buɗe CoLab a Kaduna a 2016, Kano ta yi nata cibiyoyin. To amma duba taswira: Legas, Abuja, Kaduna, Kano. Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, sai a 2013 ta sami jami'ar tarayya a Gusau.

Yanzu mu koma Duza, mu ga abin da ke faruwa a can a daidai shekarun da Legas ke wannan tashe.

Ƙasar Anka da Bukkuyum tana da zinare, an daɗe da sani. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashinsa ya tashi, daga wajen dala 600 kowace oza a 2006 zuwa sama da dala 1,200 a 2010. Manoma suka koma rami. Ana haƙo duwatsu a kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, wani lokaci mata su daka a turmi a tsakar gida, a wanke a shanya. Abin da ba a sani ba shi ne duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida da ɗaki da bakin rijiya, yara masu rarrafe suna wasa a ciki suna kai hannu baka. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, masu yawon sa ido a kan sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da yara ke jijjiga suna mutuwa, an ba su maganin zazzaɓi bai yi ba. Da aka kai jini waje aka gwada sai aka ga gubar dalma ce.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka zo da ita iyakar karatunta 65, alhali a lokacin daga 10 likitoci ke fara damuwa, kuma yawancin yaran sun zarce abin da take iya karantawa. Gaba ɗaya an ƙiyasta sama da yara 400 suka rasu. Tsakanin 2010 da 2011 kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jiha da mutanen gari suka kankare ƙasar ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Gida-gida aka bi, a auna, a kwashe ƙasar sama a buhuna a binne, a zubo sabuwa. Sai an yi haka ne likita zai ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin ba amfani a wanke shi ya koma cikin ƙurar.

Ta wannan hanya ce Duza ta fara shiga kwamfuta. Ba a matsayin mai rubutu ba, a matsayin abin da ake rubutawa: gida mai lamba kaza, ƙasa mai dalma kaza, yaro mai jini kaza. Garin Bagega, wanda ya fi su girma, an bar shi yana jira da yara wajen 1,500 masu bukatar magani, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012, kimanin naira miliyan 850, ba su fito ba. Sai wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin Follow The Money, suka tattara bayanai suka baza a Twitter da Facebook, suna neman a ceci Bagega. Da matsin lambarsu da na ƙungiyar Human Rights Watch da wasu, a Janairun 2013 Shugaba Jonathan ya saki kuɗin, aka yi aikin a shekarar. Haka kuma a yaƙin shan-inna, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta yi aiki da wayoyi masu nuna sawun masu rigakafi a taswira, a jihohin Arewa har da Zamfara, don a san ƙauyen da aka tsallake. Duk ayyukan alheri ne, Allah ya saka. Amma manhajojin a wani wuri aka rubuta su, mutanenmu su ne ɗigon da ke kan taswirar.

Ga abin da ke hana ni barci a wannan tarihi. Dalma ƙwaƙwalwa take ci. Yaron da ya tsira da ransa yana iya tashi da raunin fahimta da na riƙe karatu, kuma magani yana rage gubar ne, ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace. Ita kuwa wannan sana'a jarinta ke nan, natsuwa da riƙe abu goma a kai lokaci guda. Yaron da ke da shekara 3 a 2010, a 2025 ya cika 18, daidai shekarun da takwaransa na Yaba ke zaune gaban laftof. In ana maganar me ya sa yankin kaza bai fitar da masana ba, sai ka ji masu bakin magana suna cewa lalaci ne ko ƙin boko. Su fara karanta lambobin can na sama tukuna.

Waɗanda Allah ya kare wa kai kuma, ga abin da suka tarar. Ita wannan sana'a kamar ɗinki ce, ba a koyonta a allo kaɗai. Yaron tela da sa maɓalli da kalmasa yake farawa, ya ɓata yadi, ubangidansa ya warware ya ce sake. Haka mai koyon Python ko JavaScript, sai ya rubuta, ta ƙi, ya bincika, ya sake, wata da watanni, sannan ya ɗora aikinsa a GitHub inda mai ɗaukar aiki zai gani. Yana bukatar na'ura, da wutar da za ta riƙe ta, da sabis, da Turancin karanta bayani, da kwanciyar hankali. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta, kuma malaman ƙauye za su gaya maka akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan linzaminta. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Ranar 3 ga wata hukumar NCC ta umarci kamfanoni su katse sabis a Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Aka ce mako biyu. Gusau ta samu a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. An kuma hana sayar da fetur a jarka, wato har janareta an kashe. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa jihohin maƙwabta don kiran waya ɗaya. Ban ce matakin ba shi da dalili ba, amma ka ƙaddara kana yi wa wani kamfani aiki daga Gummi, ka ɓace wata uku, wa zai jira ka? Sabis bai daɗe da dawowa ba, a farkon Janairun 2022, aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen gari suka ce sun kai 200.

A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Shirin ya zo ne shekara guda bayan fitowar ChatGPT, na'urar da ke iya rubuta ƙananan manhajoji da kanta, wato irin aikin sa maɓalli da kalmasa da ɗan koyo ke fara cin abinci da shi. Matakalar farko ta ƙara nisa ke nan. Sai dai akwai wata ƙofa da nake gani, kuma ita ma irin ta ƙugiyar Farfesa Abdalla ce. Google Translate ya saka Hausa a Disambar 2013. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, dubban saƙonnin Twitter na Hausa da wasu harsuna da aka tantance don koya wa na'ura gane yabo da zagi, kuma su ne ke da hannu a Arewa Data Science Academy mai koyar da matasa kyauta. To amma Hausar da na'urorin nan suka sha, ta jarida da rediyo ce, mai kusa da Kananci. Tsohuwar da ke Duza ba za ta ce "muka zo" ba, "munka zo" za ta ce. Ba ta cewa "ya tafi" a tsakiyar labari, sai "yat tahi". Mace a bakinta "macce" ce, fari kuma "hwari". Ranar da za a gina manhajar da za ta saurari wannan tsohuwa ta gaya mata alamomin gubar dalma, dole a nemi wanda ya sha wannan Hausar a nono. Mu marubuta ma mun ga irin haka: littattafan Hausa da yawa a OkadaBooks ake sayar da su, da aka rufe dandalin a ƙarshen Nuwambar 2023 sai kowa ya kama neman wata rumfa.

Ramin kuwa yana nan. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Saurayin da ya shiga rami da safe yana iya riƙe kuɗi kafin magariba, wanda ya zauna koyon manhaja sai ya yi shekara ɗaya ko biyu yana sayen data kafin ya ga kwabo. Zinaren da ake sayarwa dala 1,200 a shekarar da aka binne yaran Dareta da 'Yargalma, a Oktobar 2025 ya haura dala 4,000.